Malamin Turanci a Karaye da Rogo: Kayan Aiki da Hanyoyin Ƙarin Ƙwarewa

Masana koyar da harshe sukan bambanta harshe na biyu, wato wanda yaro ke ji a kasuwa da titi bayan harshen gidansu, da baƙon harshe, wato wanda ba ya haɗuwa da shi sai a cikin aji. A takarda Turanci harshe na biyu ne a Nijeriya, tun da shi ne harshen hukuma da na jarrabawa, amma a ƙauyukan Karaye da Rogo, inda ciniki da wa'azi da hira duk da Hausa ko Fulatanci ake yin su, matsayinsa ya fi kama da na baƙon harshe. Ma'anar wannan ita ce bakin malami ne kusan kaɗai mashigar Turancin ɗalibi, kuma duk kuskuren da malami ya riƙe, ajinsa gaba ɗaya zai gada.

Nauyin ba ƙarami ba ne, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tsara a da cewa a fara koyar da yaro da harshensa, sannan daga aji huɗu na firamare Turanci ya karɓi ragamar sauran darussa, kuma ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya ci sauran fannoni.

Duba azuzuwa yana nuna cewa kurakuran ɗalibai suna da tsari, kuma tushensu na cikin bambancin harsunan biyu. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, yayin da Turancin Ingila ke da kimanin ashirin, don haka kalmomin da Bature ke bambantawa sukan zo wa kunnen Bahaushe a matsayin abu ɗaya. Haka nan Hausa ba ta raba sautin p da f, shi ya sa pan da fan ke rikicewa, kuma ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso a farkon gaɓa, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda bread ya koma burodi. Gano irin waɗannan wurare shi ake kira nazarin kwatance, wato auna harshen ɗalibi da wanda yake koyo don a san inda zai yi tuntuɓe tun kafin ya yi, kuma malamin da ya iya shi ba zai ɓata zango guda yana gyaran abin da atisayen minti biyar a kullum zai warware ba.

Kayan aikin wannan nazari suna nan kusa. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, wanda yanzu ake samu a intanet, da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, da ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990. Shafin TeachingEnglish na British Council yana ba da tsare-tsaren darasi da kwasa-kwasai kyauta, BBC Learning English kuma yana da sautukan da malami zai sauke a waya lokacin da ya sami sabis, ya kunna wa aji daga baya. Inda littafin karatu ya yi ƙaranci, muhalli ya isa ya cike gurbin, domin darasin da aka gina a kan kamun kifi da noman rani a madatsar Challawa, ko noman rake da masara a Rogo, ya fi zama a kan yaro fiye da labarin garin da bai taɓa gani ba.

Ta fuskar ƙarin karatu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa, ta yadda malami zai ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba, Hukumar Rajistar Malamai ta TRCN kuma ta ɗauki ci gaba da horo a matsayin wajibi ga mai lasisinta. Sai dai bitar da ake kira a birnin Kano ba ta isa ga kowa, kuma abin da aka koya a kwana uku yakan dushe idan babu bibiya. Abin da ya fi ɗorewa shi ne zaman gungu, wato malaman makarantu huɗu ko biyar masu maƙwabtaka su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ɗaya ya gabatar da darasi, sauran su yi masa gyara cikin mutunci.

Saboda haka ana kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da su ware wa wannan zama rana a jadawali, ga malamai kuma da su riƙe shi da muhimmanci, domin ba ya buƙatar komai sai aji guda da allo da alli.