Mece Ce "Ƙararrawar Mutuwa"?

Tambaya: Malam, na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa rikicin daji ya "kaɗa ƙararrawar mutuwa" ga noma a ƙasarmu. Daga ina wannan magana ta fito? Daga wani malamin makaranta, Birnin Gwari.

Amsa: Malam, maganar aro ce daga al'adar coci a Turai. A ƙauyukan Ingila, in an yi rasuwa akan buga ƙararrawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A wurare da yawa bugu tara na namiji ne, shida na mace, sannan a bi da adadin shekarun mamaci. Manomi yana gona zai tsaya ya ƙirga, ya gane wanda aka rasa. Daga nan aka mayar da ita kwatancen duk abin da ƙarshensa ya zo.

Mu ba mu gaji wannan ba. Rasuwa a wurinmu sanarwa ce a lasifikar masallaci bayan Asuba, sai salati ya ɗauka gida-gida. Kugen fada kuwa na shela ne da kiran jama'a. Abin da ya fi kusa da ma'anar shi ne kukan mujiya a kan rufin ɗaki, wanda tsofaffi kan ce wani zai tafi. Wannan camfi ne, addini ya hana.

Amma hana camfi bai hana lura da alama ba, kuma nan ne zuciyata ke ƙuna. A Oktoban 2012 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa da ke ƙasar Birnin Gwari, wasunsu suna fitowa daga sallar Asuba. Aka ce rikicin ɓarayin shanu ne da 'yan banga, aka wuce. A Mayun 2018 aka kashe aƙalla 45 a Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji. Mace kan ji rugugin babura daga wajen dajin Kamuku, ta bar tuwo a kan murhu, ta suri goyo. Gemun Birnin Gwari ya daɗe yana cin wuta, maƙwabta ba su shafa wa nasu ruwa ba.

Sai dai ban yarda da mai sharhin ba. Gawa ake buga wa ƙararrawa, noman ƙasarku kuwa jinya yake. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga, mutane suka fara komawa gonaki. Ku riƙa kai rahoton duk motsin da kuka gani ga hakimi da jami'an tsaro, hukuma kuma ta riƙa saurare tun magana tana ƙarama. Allah Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya.