Sauya Wa Manhaja Babban Bugu: Darasi Daga Ma'ajiyar Tsirrai

A sashenmu na nazarin halittu akwai wani ɗaki da muke ajiye busassun tsirrai. Kowane samfur an manna shi a kan takarda mai kauri, an rubuta sunansa na kimiyya da na Hausa, da wurin da aka tsinko shi, da ranar da aka yi hakan. A da, manyan littattafan rajista ne ke ɗauke da wannan bayani, daga baya aka mai da shi cikin kwamfuta. Ni aka ɗora wa alhakin kula da rajistar, ba don na fi abokan aikina sanin kwamfuta ba, sai don ban halarci taron da aka raba ayyukan ba. A shekarar 2019 ya zama dole mu sauya manhajar da ke tafiyar da rajistar daga tsohon bugu zuwa sabo. Abin da na koya a wannan aiki shi zan bayyana wa ɗalibai da malamai a nan, domin ya fi kusa da darasin gwaji a ɗakin kimiyya fiye da yadda mai karatu zai zata.

Fuska da kayan ciki

Ma'aikacin da zai shigar da sabon samfur yakan buɗe wani shafi mai gurabe, ya cika su, ya latsa maɓallin ajiyewa. Wannan shafi shi ake kira allon gudanarwa, watau wurin da masu izini kaɗai ke shiga su ƙara bayani, ko su gyara, ko su goge. To amma allon fuska ce kawai. A bayansa akwai rumbun bayanai inda ainihin rajistar take, akwai kuma manhajar da ke kai da komo tsakanin allon da rumbun. Tamu an gina ta ne da Django, wadda aka ƙirƙira a wani gidan jarida da ke garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka sake ta ga jama'a a 2005. Ita kuma Django da harshen Python aka rubuta ta, harshen da Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fara fitarwa a 1991. Ke nan abu uku ne a kan juna: umarnin da muka rubuta da kanmu yana kan Django, Django tana kan Python. In aka taɓa na ƙasa, na sama sai ya girgiza.

Abin da lambobin bugu ke faɗa

Manhaja kamar littafi take, ana sake buga ta. Bugun ƙarshe na tsohuwar Python shi ne 2.7.18. A al'adar masu rubuta manhaja, lambar ƙarshe in ta sauya, gyaran ƙananan kurakurai ne. Ta tsakiya in ta sauya, an ƙara sababbin abubuwa. Ta farko kuwa in ta sauya, wannan shi ne babban bugu, kuma sanarwa ce cewa wasu abubuwan da ke aiki jiya ba za su yi aiki yau ba.

An fitar da Python 3.0 a watan Disambar 2008, kuma da gangan aka karya jituwarta da Python 2, domin a gyara wasu kurakuran asali da ba su gyaruwa da faci. Mutane suka yi ta jan ƙafa. Da farko an sa 2015 a matsayin shekarar da za a daina kula da Python 2, sai aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Django ma ta bi sahu: bugu na 1.11 da ya fito a Afrilun 2017 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Python 2, bugu na 2.0 na Disambar wannan shekara kuwa sai Python 3 kaɗai.

Mai karatu zai iya tambaya, abin da ke aiki lafiya don me za a taɓa shi? Amsar ita ce tsaro. Daina kula da bugu yana nufin duk wata kafa da ɓarayin bayanai suka gano bayan wannan rana, babu mai toshe ta. Allon gudanarwa kuwa shi ne ƙofar da ke da mabuɗin komai.

Kuskure mai ihu

Kurakuran da suka biyo bayan sauyin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda manhajar ke tsayawa cik, ta rubuta wa mutum abin da ya dame ta. Alal misali, a Python 2 ana rubuta kalmar print sannan abin da ake son bugawa, a Python 3 kuwa dole a sa shi cikin baka biyu. Irin wannan yana ba da haushi, amma ba shi da haɗari, gama ya nuna kansa.

Akwai ɗaya daga cikinsu da har na gode masa. A rajistarmu kowane samfur yana ɗaure da jinsinsa, kowane jinsi yana ɗaure da danginsa. Django 2.0 ta ƙi tashi sai mun faɗa mata, a kowane ɗauri, abin da za ta yi in aka goge na sama. A tsohon bugu in ba a faɗa ba, sai ta ɗauka cewa a goge duk abin da ke ƙarƙashinsa. Watau da wani ya goge dangin Fabaceae, ya kuma amince da shafin gargaɗin da allon ke nunawa ba tare da ya karanta ba, da ɗorawa da ƙirya da tsamiya duk sun bi shi. Shekaru muna zaune a kan wannan rami ba mu sani ba. Muka zaɓi umarnin PROTECT, wanda ke hana goge dangi muddin akwai jinsi a ƙarƙashinsa.

Kuskure mai shiru

Iri na biyu shi ne abin tsoro, domin manhajar tana ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, alhali amsar da take bayarwa ta sauya.

Muna da wani sashe a allon da ke lissafa yawan irin da ya tsiro a gwaji. A ce an shuka ƙwayar ɗorawa 30, guda 17 suka tsiro. Lissafin shi ne 17 sau 100, a raba da 30. Python 2 in ta raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, sai ta yar da ɓurɓushin, ta ce 56. Python 3 kuwa ta ce 56.67 in an taƙaita. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a lura da kyau: tsohon lissafi kullum ƙasa yake karkata, bai taɓa karkata sama ba. Duk ɗalibin kimiyya ya san cewa kuskuren da ke karkata gefe guda ya fi wanda ke faɗawa ko'ina illa, domin yawan maimaita gwaji ba ya shafe shi. Da mun haɗa sakamakon kafin sauyi da na bayansa a jadawali ɗaya, da sai wani ya ce irinmu ya ƙara kyau, alhali ma'aunin ne ya sauya. A nan sabon bugu ne ke da gaskiya, sai muka sake lissafa tsofaffin alƙaluma daga ainihin ƙidayar da ke rumbu. Har ila yau, umarnin round da ke taƙaita lamba yana mai da 2.5 zuwa 3 a tsohon bugu, a sabo kuwa zuwa 2.

Na biyu ya shafi harshenmu kai tsaye. Kwamfuta tana ajiye rubutu ne a ƙananan gurabe da ake kira bayit. A tsarin UTF-8, haruffa irin su a da b da k gurbi ɗaya kowannensu ke ci, amma ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar, gurbi biyu-biyu suke ci. Python 2 ba ta tsananta bambanci tsakanin harafi da gurbi ba, shi ya sa in aka ba ta kalmar ƙirya a rubutu na yau da kullum aka ce ta ƙirga, sai ta ce 6, alhali haruffa 5 ne. Python 3 ta raba su sarai, kuma wannan yana daga cikin manyan dalilan da suka sa aka yi ta. Amma tsohon umarninmu na buga takardun manna wa samfur yana mai da suna zuwa bayit kafin bugawa. Bayan sauyi, maimakon ƙirya, sai ga b'\xc6\x99irya' a kan takarda. Babu wani gargaɗi da ya fito. Ido ne ya gani.

Yadda muka bi

Ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai a gwajin tsiro ita muka yi amfani da ita: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma ajiye tukunya guda da ba a taɓa ba don kwatanci.

Kafin komai muka kwafi rumbun bayanai da umarninmu gaba ɗaya, sannan muka gwada mai da kwafin a wata kwamfuta dabam, domin kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba bai cancanci a dogara da shi ba. A kan wannan kwamfuta ta biyu aka yi dukan gwaji, ta ainihi tana can tana aikinta. Daga nan muka hau mataki-mataki. Muna kan Django 1.8, sai muka bi ta 1.9 da 1.10 har zuwa 1.11, duk a kan Python 2. Bugu na 1.11 yana aiki a kan tsohuwar Python da sabuwa, saboda haka shi ya zame mana gada: muka tsaya a kansa muka sauya Python kaɗai. Sai da komai ya lafa muka wuce 2.0, muka ƙarasa 2.2. Da mun sauya biyun a rana ɗaya, ba za mu san wanda ya jawo kowace matsala ba.

A kowane mataki muna karanta bayanin da masu manhajar ke fitarwa tare da bugu, muna kuma kunna gargaɗin da ke nuna abubuwan da za a cire nan gaba. Amma abin da ya fi amfani shi ne mafi sauƙi. Muka zaɓi wasu samfura, da gangan muka sa masu ƙ da ɗ da ɓ a sunayensu, irin su ɓaure, muka buga rahotonsu da tsohuwar manhaja da sabuwa, muka jera takardun gefe da gefe muna bi layi-layi da fensir. Ta haka aka kama rabon lamba da sunan ƙirya. Ranar sauyi na ainihi muka sa ta a lokacin hutu, aka hana kowa shigar da bayani, tsohuwar manhaja kuma tana nan a shirye ko da za a koma.

Aikin ba ya ƙarewa, domin shi ma 2.2 an daina kula da shi a Afrilun 2022, ga 5.2 ya fito a Afrilun 2025, sai dai matakan baya ba su kai na farko wuya ba.

Malamin da ke da kwamfuta mai Python 3 zai iya nuna wa aji wannan cikin minti biyar. A rubuta 1700/30, sannan 1700//30, a sa ɗalibai su faɗi wanda ya yi daidai da tsohon bugu. Bayan haka a rubuta len('ƙirya'), sannan len('ƙirya'.encode('utf-8')), a tambaye su abin da zai fito in aka sa ɗorawa, da kuma in aka sa kuka, kafin a latsa maɓalli.