Darasin Dafuwa: Gasasshen Burodi da Nama da Cuku

Sau da yawa bayan cin kasuwa ko biki, ɗan nama yakan rage a gida wanda bai isa a raba wa yara huɗu ba. In an ajiye shi ya kwana cikin zafi sai ya lalace. In kuwa an ba mutum ɗaya, saura su yi ta kallo. A darasinmu na yau za mu koyi yadda za mu haɗa wannan ɗan nama da burodi da cuku, mu gasa, har ya ishi kowa.

Turawa suna kiran irin wannan abinci sanwici. Sunan ya fito ne daga sarautar wani basarake na Ingila, John Montagu, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792. An ce yakan sa a kawo masa nama a tsakanin yankan burodi biyu, domin ya ci ba tare da ya tashi daga teburinsa ba. Mutanen Faransa kuma suna sa cuku da naman alade su gasa. Mu kuwa kowane nama muke da shi ya yi: na sa, ko na akuya, ko kaza, ko ragowar tsire.

Amfaninsa

Burodi yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya isa ga yaro mai girma. Nama da cuku su ne masu gina jiki, cuku kuma yana ƙarfafa ƙashi da haƙora. Albasa da tumatir suna taimakon jiki wajen kare kansa daga cuta.

Yadda za mu sami cuku

Cuku ba baƙo ba ne a wurinmu. Buzaye da Fulani na Nijar suna yin busasshe, waɗansu matan Fulani kuma suna daskarar da madara da ganyen tumfafiya. Mu ma za mu iya yi a gida. Mu tafasa madara lita 1, mu sauke, mu zuba ruwan lemun tsami babban cokali 3, muna motsawa a hankali. Da madarar ta tsinke sai mu tace da farin ƙyalle mai tsabta, mu matse, mu sa ɗan gishiri. Ruwan da ya tsiyaye kada a zubar, a dama kunu da shi.

Lalle ne a tafasa madarar. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka, da na bakkale wadda ke sa shanu ɓari, mutum kuma ya yi ta zazzaɓi. Mu sani kuma, cukun gida ba ya narkewa kamar na kanti, laushi kawai yake yi.

Kayan haɗi na mutum 4

Yankan burodi 8
Dafaffen nama, cikin tafin hannu
Cuku, kamar yawan naman
Albasa 1, tumatir 2
Man shanu ko man gyaɗa cokali 2
Gishiri da yaji kaɗan

Yadda ake yi

1. Mu wanke hannu da sabulu, mu wanke wuƙa da faranti.

2. Ba sai da tanda ba. Mu zuba yashi mai tsabta cikin babbar tukunyar ƙarfe, kaurin yatsa biyu. Mu jera ƙananan duwatsu uku a kai, mu rufe, mu ɗora bisa garwashi minti 15.

3. Mu yayyanka naman ƙanana ƙanana, mu ɗan soya shi tare da albasa har ya yi zafi sosai.

4. Mu shafa mai a bayan kowane yanka. A kan guda huɗu mu sa cuku, sa'an nan nama, da tumatir yankakke siriri, da sauran cukun. Mu rufe da sauran burodin, mu danna da hannu.

5. Mu jera su a farantin ƙarfe, mu ɗora kan duwatsun. Mu rufe tukunya, mu sa ɗan garwashi bisa murfin. Bayan minti 5 mu juya, mu ƙara minti 5. Mai tanda ya sa zafinta a digiri 200.

6. Mu yanka ɗaya mu duba. In tururi bai fito daga tsakiya ba, mu mayar da su wuta.

Abin lura

Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Burodi yakan yi ja a waje alhali naman ciki bai yi zafi ba, irin wannan nama kuwa shi ke kawo wa yara zawo da amai. Naman da ya canza wari ko ya yi yauƙi, wuta ba ta gyara shi, a zubar. Gara asarar nama da kwanan asibiti. In za a kai gona ko makaranta, a nannaɗe da takarda mai tsabta, a ci kafin awa 2 su wuce.

Tambayoyi domin ƙungiyar mata

1. Don me muke tafasa madara kafin mu yi cuku?
2. Yaya za mu gane naman ciki ya yi zafi sosai?
3. In babu nama, za mu iya sa dafaffen ƙwai ko wake. Me kuma muke da shi a ƙauyenmu?

Bari kowace ƙungiya ta gwada wannan a taronta na gaba. Wata ta kawo madara, wata burodi, wata gawayi, sa'an nan kowa ta koma ta koya wa maƙwabciyarta.