Noman Gangamau a Ƙarƙashin Inuwar Itatuwa

Gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, ɗan dangin citta ne. Masana sun sa shi cikin jinsin Curcuma, tsirrai masu saiwa da asalinsu dazuzzukan kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne. Ganyensu kan bushe da rani, saiwar ta kwanta a ƙasa, sai ta sake tsirowa idan ruwa ya sauka. Indiya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Kada a rikita shi da rawaya ta daji. Launinsu ɗaya, amma tsirran daban suke.

Da yake asalinsa tsiron daji ne, yana jure inuwa matsakaiciya. Mai lambun mangwaro ko lemo wanda itatuwansa ba su rufe sama ba zai iya cin moriyar filin da ke tsakaninsu.

Shuka

Da saiwa ake shuka shi, ba da ƙwaya ba. A zaɓi lafiyayyiya mai ido ɗaya ko biyu, a binne ta zurfin santimita 5, da tazarar kimanin santimita 30, bayan ruwa ya zauna. A ja kunya mai tudu a ƙasa mai taki wadda ba ta riƙe ruwa. Nan ne manoma suka fi yin asara: in ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar ruɓewa take yi, kuma kafin ganye ya nuna alama aikin gama ya gama. Malaman gona su duba magudanar ruwa tun kafin su duba iri. Bayan shuka a lulluɓe kunyar da busasshiyar ciyawa.

Girbi da sarrafawa

Yakan nuna cikin wata 7 zuwa 9, lokacin da ganye ya yi ɗorawa ya bushe. A tona a hankali, a ware irin baɗi a ajiye a inuwa. Sauran a wanke, a tafasa na minti 45 zuwa 60 har ya yi taushi, sannan a shanya a kan tabarma kwana 10 zuwa 15, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba. Buhu biyar na ɗanye kan ba da kimanin nauyin buhu ɗaya na busasshe. A yi lissafi da wannan kafin a yi ciniki.

Ana sa garinsa a abinci da garin kori, ana kuma rini da shi. Sinadarin kurkumin da ke cikinsa shi ke ba da launin da masu saye ke dubawa.