Zaman Sauƙi da Riƙon Juna: Jan Hankali ga Mutanen Ƙasar Kauru

Jama'a, ƙasar Kauru ƙasa ce ta noma. Daga garin Kauru zuwa Geshere, daga Kwassam zuwa Damakasuwa, da wuya ka shiga gidan da babu fartanya. Allah ya hore mana ruwan sama da fadamu da itatuwa. Masara da dawa da shinkafa da gyaɗa da waken suya duk suna yi. Allah ya kuma haɗa mu zama wuri guda, Hausawa da Fulani da Kurama da Chawai da Surubu da Ruruma da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista. To, me ya sa magidancin da ya cika buhuna da kaka yakan koma yin awo a kasuwa kafin watan Agusta? Laifin ba na ƙasa ba ne. Mun saki dabarun zama da iyayenmu suka bar mana, mun ɗora wa kanmu hidimomin da suka fi ƙarfin gonakinmu.

Zaman sauƙi

Kada wani ya ɗauka ana kiransa ga talauci ko zaman kashe wando. Abin nufi shi ne mutum ya san gwargwadon samunsa, ya tsayar da buƙatarsa a kai, ya fara ciyar da gidansa kafin ya nemi burge mutane, ya kuma riƙe maƙwabtansa da kyau.

Shekarar 2023 ta isa darasi. A farkonta aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar samu, mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa suka yi sama. Da damina kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, waɗanda suka zuba jarinsu duka a kanta suka tafka asara. Wa ya fi samun sauƙi a waccan shekara? Mai hatsi a rumbu, da 'yan awaki a turke, da maƙwabcin da zai ba shi rance ba tare da ruwa ba.

Gayya

Ga yadda aka saba yi. Mai gona ya sanar da samarin unguwa ranar aikinsa. Matan gida su dama kunu tun da asuba, su ɗora tukunyar tuwo. Samari su jeru a bakin gona, kowa da garmarsa da kunyarsa, makaɗi na biye da su yana zuga gwanaye. Kafin azahar an tashi gonar da mutum ɗaya zai yi kwanaki yana fama da ita. Gobe sai a koma ta wani.

Amfanin gayya ya wuce rage kuɗin 'yan ƙodago. Noma da lokaci yake tafiya. Masarar da ciyawa ta danne a makonninta na farko ba ta cika murmurewa ba, ko an zuba mata taki daga baya. Gayya ce ke sa kowa ya yi nomansa a kan kari. Da ita ake nome gonar marar lafiya da ta matar da mijinta ya rasu, da ita ake yaɓen ɗaki da yasar rijiya da gyaran hanyar da ruwa ya cinye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rumbu

Babbar ɓarakar manomi ita ce sayar da amfani da kaka, lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. 'Yan sari su kwashe su ɓoye, da damina ta yi tsakiya su sayar masa da hatsin nan nasa da tsada. Saboda haka kafin ka kai buhu ɗaya kasuwa, ƙidaya bakunan da ke gidanka, ka ware abincin shekara, ka ware iri, ka fitar da hakkin Allah, zakka ga Musulmi, baiko ga Kirista. Abin da ya saura shi ne na sayarwa, shi ma kaɗan-kaɗan.

A shanya hatsi ya bushe sarai, har ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza. A share rumbu, a liƙe tsagoginsa, kada a zuba sabon hatsi a kan tsohon da ƙwari suka taɓa. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa tamau iska ba ta shiga, ƙwarin ciki su mutu ba tare da an sa magani ba.

Taki da itatuwa

Ƙasa amana ce. Wanda ke shuka masara a gona ɗaya kowace shekara yana gajiyar da ita, yana kuma kiran ƙuduji. A riƙa juyi: bana masara, baɗi gyaɗa ko wake ko waken suya, domin saiwoyinsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi. A tara kashin awaki da tokar murhu da sharar gida a rami, a kai gona da rani. Takin zamani ya yi tsada, na gida kuwa wahalar ɗauka ce kaɗai kuɗinsa.

A da, in an gama girbi, manomi da kansa ke gayyatar Bafillace ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki, matan rugar su kawo nono su karɓi hatsi. Kowa ya ci riba. Inda aka yi wannan da yarjejeniya a gaban mai unguwa da arɗo, aka bar burtali a buɗe, aka kuma jira sai an kwashe amfani, rigima takan yi ƙaranci.

Haka nan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya amana ne. Wanda ya sare ɗorawa don buhun gawayi ya ci kuɗinsa a mako guda, ya hana gidansa daddawa shekara da shekaru.

Adashi da bukukuwa

Mata sun riga maza gane amfanin adashi. Da zubin mako-mako ake sayen tunkiya, a biya kuɗin makaranta, a kama sana'a. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata a majami'u da na matan Islamiyya suna iya riƙe irin wannan asusu, muddin akwai littafi da shaidu da uwar adashi mai amana.

Amma tarawa ba ta da amfani in biki ɗaya zai lashe ta. Lefe da gara da kayan ɗaki da anko sun zama gasa, har uba ya jinginar da gona don a ce ya yi bajinta. Dattawan kowace unguwa, da liman da fasto, su zauna su ƙayyade abin da talaka zai iya, masu hali kuma su fara bi, don marasa hali su daina jin kunya.

Zaman lafiya

Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu: an rasa rayuka, an bar gonaki. Garin da mutanensa suka san juna, suke zuwa suna da jana'izar juna ba tare da duba addini ko yare ba, shi ne ke saurin gane baƙuwar fuska, ya sanar da hukuma. Ƙaramar rigima a kashe ta a zauren mai unguwa kafin ta kwana. Jita-jitar waya kuwa kada a yaɗa ta sai an tabbatar.

Kira

Magidanta, ku ware abincin shekara kafin ku sayar. Samari, ku farfaɗo da gayya tun daga daminar bana. Iyaye mata, ku riƙe adashi, ku rage gasar biki. Hakimai da dagatai, ku tsare burtali da itatuwa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a tattauna ta a dandali da masallaci da majami'a, sannan a fara aiki da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa.