Darasi na Tara: Mafassari da Tafinta a Harsunan Kwamfuta

9.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya nazarci fassara ya san bambancin mai fassara littafi da tafinta. Wannan bambanci zai taimaka masa idan ya tashi zaɓen kayan koyon rubuta manhajar da ake girkawa a kwamfuta, kamar ɗan ƙaramin ƙamus ko manhajar tara makin ɗalibai.

9.1 Mai Shiga Tsakani

Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai na inji, wanda bai wuce jerin 0 da 1 ba. Mutum kuwa yana rubuta umarninsa ne da harsuna irin su Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970 musamman domin koyarwa, ko C, wanda Dennis Ritchie ya samar a 1972. Ke nan dole a sami mai shiga tsakani. Kamfaila, wato mafassari, yana ɗaukar rubutun dungurungum ya juya shi zuwa harshen inji, daga nan manhajar ta tsaya da ƙafarta. Tafinta kuwa, irin na harshen Python, sai ya raka manhajar duk inda aka kai ta, domin a lokacin aiki yake isar da umarnin.

9.2 Zaɓen Kayan Aiki

Mafassari kaɗai bai ishi mai koyo ba. Yana buƙatar wurin rubutu, da na farautar kurakurai, da na zana tagogi da maɓallai. Akwai manhajojin da suka tattara waɗannan a zaure ɗaya. Visual Studio na kamfanin Microsoft yana da nau'in da ɗalibi zai samu kyauta tun 2014, kuma ya dace da harshen C#, sai dai yana da nauyi, tsohuwar kwamfuta takan sha wuya da shi. Lazarus, wanda ke aiki da mafassarin Free Pascal, kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma yana tafiya a Windows da Linux. Ga mai ƙaramar kwamfuta, shi ya fi dacewa. GCC, wanda ya fito a 1987, ingantaccen mafassari ne, amma zana taga da C ko C++ yakan karya gwiwar ɗan koyo.

Abin da ya fi shafar malamin Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Akwatunan rubutu na Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998, ba su bin tsarin Unicode, don haka sukan mayar da irin waɗannan haruffa alamar tambaya. Ƙamusun da bai bambanta "kafa" da "ƙafa" ba, ko "bari" da "ɓari", ya ɓata aikin tun daga tushe. Lazarus da C# duka suna bin wannan tsari, muddin fasalin haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da masu ƙugiyar.

9.3 Jinga

Ɗalibi ya girka ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ya zana taga mai akwati ɗaya, ya rubuta "ɗan ƙwarai" a ciki, sannan ya bayyana abin da ya fito.