Yadda Ake Shiga Idan Za a Je Jana'iza ko Gidan Makoki

Mutuwa a ƙasar Hausa ba ta ba mutum lokacin zaɓen kaya. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya rasu da safiyar Juma'a, 6 ga Yuni, 2014, kuma kafin rana ta faɗi an sallace shi an kai shi makwancinsa a gidan Nassarawa. Idan haka aka yi wa sarkin da ya shekara hamsin a kan gado, ɗan kasuwar Kurmi da aka ce ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga rufe shi. Saboda haka shirin suturar jana'iza abu ne da ya kamata mutum ya riga ya sani tun kafin wayarsa ta yi ƙara.

Matakin farko shi ne ya tambayi inda zai je da aikin da zai yi. Namiji mai bin gawa zuwa maƙabarta daban yake da wanda zai je ta'aziyya washegari ya zauna a rumfa, kuma dukansu daban suke da mace da za ta shiga cikin gida wurin zaman makoki.

Na biyu, launi. Nan ne wasu matasa ke rikicewa, don finafinai sun nuna musu cewa baƙaƙen kaya da baƙin tabarau su ne alamar baƙin ciki. Al'adar Turawa ce wannan. Musulmin Bahaushe ba shi da launin makoki. Farin da aka sani na mamaci ne, wato likkafani, kamar yadda aka yi wa Manzon Allah (SAW) sutura da fararen tufafi uku. Mai rai kuwa ya sa abin da yake da shi mai tsarki: fari, ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Abin gudu shi ne kayan da za su sa a juyo a kalle shi. Sabuwar shadda mai sheƙi wadda bugunta bai kwanta ba, da aikin wuya har ciki, a ajiye ta sai sallah ko ɗaurin aure. Mai gidan da ya rasa ɗansa ba zai ce komai ba, amma idonsa yana gani.

Na uku, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya, kayan namiji su zama waɗanda zai iya aiki da su. Jana'iza aiki ce. Ana karɓa-karɓar makara a kafaɗa, ana miƙa itace ko tukwane, ana kwaɓa ƙasa, ana tura ta da hannu. Kaftani ko jamfa da wando da hula sun wadatar. Babbar riga tana da kwarjini, kuma dattijo ko basarake da ya saba da ita ba wanda zai ce ya tuɓe, amma wanda zai sauka cikin kabari ya karɓi ɗan'uwansa dole ya cire ta ya ba wani ya riƙe, ya naɗe hannun riga da ƙafar wando. Gara tun daga gida ya bar ta. Wanda labari ya riska a wurin aiki, makaniki da baƙin mai a jikinsa ko ma'aikacin banki da kwat, ya tafi a haka muddin babu najasa kuma al'aura a rufe take, domin samun sallar ya fi komawa gida canza kaya a dawo a tarar an tafi. Gajeren wando da rigar ƙwallo mai sunan ɗan wasa a baya, ko riga mai hoton ɗan takara, waɗannan ne kawai ya kamata ko yaro a ce ya koma ya sauya.

Takalmi ma yana da nasa lissafi. Sallar gawa a tsaye ake yin ta, kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, kuma galibi a ƙofar gida ko a filin masallaci, a kan turɓaya. Mutane kan zare ƙafa su taka saman takalminsu. Mai takalmi sau-ciki da igiya da safa zai sha wahala, musamman idan sai ya yi alwala a gefen hanya da butar aro. Takalmi mai sauƙin cirewa amma mai ƙarfin ƙasa shi ya fi, don maƙabartu irin su Dandolo da Tarauni a Kano, ko Gudu a Abuja, ba a rasa ƙaya da rani, da damina kuma taɓo. Ya yi alwalarsa tun daga gida, ya kashe ƙarar waya kafin ya shiga sahu.

Mata a al'adar nan ba sa raka gawa maƙabarta, cikin gida suke zama, sau da yawa a kan tabarma tun safe har la'asar. Atamfa ko yadi marar hayaniya, da hijabi ko babban mayafi mai kauri, su ne daidai. Zani ko siket ya zama mai yalwa yadda za a zauna a ƙasa a tashi ba tare da jan nan a rufe can ba. Leshi mai duwatsu, sarƙar gwal da awarwaro masu ƙara, jambaki, ɗaurin ɗankwali na gidan biki, da humra mai tashi tun daga zaure, duk su jira wata rana. Abin yana da ciwo a ga matar mamaci ido ya kumbura, a gefenta kuma wata tana gyara zaman sarƙa. Ranar sadakar uku, ko bakwai, ko arba'in a gidajen da ke yi, nan ne kwalliya ta fi sulalowa, don hawaye sun ɗan tsaya kuma dangi na nesa sun iso. Amma har a ranar, gidan makoki ne.

Matar mamaci ita ce kaɗai shari'a ta yi wa doka a kan ado. Takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, mai ciki kuma sai ta haihu. A wannan tsawon ba ta sa turare, ba kwalli, ba lalle, ba gwal, ba tufafin kwalliya. Wanka da wanki da canza kaya kuwa halal ne, kuma tsohuwar al'adar barin mai takaba da zani ɗaya har ya yi dauɗa ba ta da tushe a addini. Sauran mata, 'ya ko ƙanwa ko uwa, kwana uku aka ba su na barin ado.

Mataki na ƙarshe na wanda mutuwar ta faru a gidan da ba na al'adarsa ba ne, kuma abu ɗaya zai yi: ya tambaya. Bahaushen zangon Kumasi ya san cewa maƙwabtansa Asante kan yi babban taron mutuwa ranar Asabar, makonni bayan rasuwar, cikin baƙi da ja, idan kuma mamacin ya tsufa ƙwarai sai a sa fari da ɗan baƙi don godiya ga tsawon rai. A Jos da Kudancin Kaduna, iyalan Kirista da yawa kan fitar da anko na atamfa ga dangi, sauran jama'a su zo cikin kaya masu duhu. Abokin aiki Musulmi da zai je yi musu gaisuwa ba sai ya ɗinka ankon ba. Kaftani mai duhu marar ado ya isa, ya gaisa da iyalin, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya zauna inda aka nuna masa.